Zanen Jikin Kaya: Amfaninsa da Inda Ake Samo Shi

 Abin da nake so in yi ɗan bayani a kansa a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne zanen da muke gani kullum a jikin kwali da kwalba da leda da buhu. Kowa yana ganinsa, amma kaɗan ne suke tsayawa su tambayi wanda ya yi shi, da dalilin da ya sa ya yi shi haka. Zan ɗauko misalaina daga masana'antun Kano, musamman na Challawa, tun da yake daga can ne da yawa daga cikin kayan da muke amfani da su suke fitowa.

Challawa da 'yan'uwanta

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu guda uku. Bompai ita ce babbarsu a shekaru, domin tun zamanin Turawa aka kafa ta. Sai Sharaɗa, wadda aka raba kashi uku. Sa'an nan sai Challawa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, kusa da Panshekara, ta kuma ci sunan kogin da yake kusa da ita. A waɗannan wurare ana jeme fata, ana yin robobi da leda da tabarmi, ana yin sabulu da alewa da biskit da lemon kwalba. A Challawa ne kamfanin da yake yin Coca-Cola da Fanta yake da ma'aikatarsa ta Kano. A Sharaɗa kuwa akwai Dala Foods, masu ƙulla ganyen shayi da garin kunun tsamiya, da kuma Gongoni, masu yin maganin sauro na Rambo.

Da an gama yin kaya sai a loda su a manyan motoci, a kai kasuwar Singa ko ta Sabon Gari. Daga nan su bazu cikin ƙauyuka, wasu su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, wasu har Chadi da Kamaru. To, mai masana'anta ba zai iya bin kowane kwali ya tsaya kusa da shi yana yi wa mai saye bayani ba. Dole ya sami ɗan aike wanda ba ya gajiya, ba ya barci, ba ya kuma mantuwa. Wannan ɗan aike shi ne zanen da aka buga a jikin kayan.

Mene ne wannan zane?

Zane iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake yi don nishaɗinsa, ya rataye a bango, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba babu asara. Akwai kuma wanda ake yi don a isar da wani saƙo ga wasu mutane da aka nufa. Wannan na biyu shi nake nufi, zan kuwa kira shi zanen saƙo. Masu shagunan kwamfuta suna ce masa dizain. Ya ƙunshi tsara haruffa da launi da hoto da tambari a wuri guda, yadda ido zai faɗa a kan abin da ya fi muhimmanci tun kallon farko. Da shi ake yin bangon littafi da fosta da kalanda da allon talla da alamun hanya da takardun kuɗi. Wani Ba'amurke mai tsara littattafai, William Dwiggins, shi ake dangantawa da raɗa wa sana'ar suna a Turance a 1922. Amma aikin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba, a ƙasarsu da ƙasarmu, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Amfaninsa

Amfani na farko shi ne a gane kaya. Mutanenmu da yawa ba da sunan kamfani suke sayayya ba, da alama suke yi. Uwa takan aiki yaro ta ce ya sayo mata magi mai tauraro, tsoho yakan ce a ba shi batir mai kan damisa. Ni kaina idan na je hutu kakata ta aike ni kanti, da launin kwali take kwatanta mini abin da take so, kuma in na kawo wani dabam, tun daga bakin ƙofa za ta ce in mayar. 'Yan siyasa sun daɗe da sanin wannan. A Jamhuriya ta Farko alamar NPC fartanya ce, ta NEPU kuwa tauraro. A zaɓen 1979 PRP ta zo da ɗan makulli, NPN ta zo da gida da masara. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san akwatin da zai jefa ƙuri'arsa saboda alamar da wani mai zane ya zauna ya fitar.

Amfani na biyu shi ne bayani. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta wa masu yin abinci da magani su sa lambar rajista a jikin kayansu, tare da ranar da aka yi su, da ranar da za su lalace, da adireshin wanda ya yi su. Aikin mai zane ne ya sama wa waɗannan muhalli inda za su karantu. Idan ya cusa su a lungu da ƙananan haruffa, ko ya rubuta su da ruwan ɗorawa a kan fari, to ya cika umarni a takarda, amma mai saye bai amfana da kome ba. Haka kuma dole ya tuna cewa kayan Kano suna zuwa hannun mai karatun boko, da mai karatun ajami, da mai Faransanci, da wanda ba ya karanta ko ɗaya. Shi ya sa za ku ga an zana cokali biyu da kofi ɗaya a bayan leda, maimakon dogon jawabi. Ko gwamnati ta yi la'akari da haka, domin lokacin da aka fito da Naira a 1973 an rubuta darajar kowace takarda da ajami, don mutanenmu su san abin da suke riƙe da shi.

Amfani na uku shi ne gargaɗi, kuma a ganina shi ya fi kowanne nauyi, domin rai ne a ciki. Iyayenmu manoma su duba gindin kwalbar maganin feshi, za su ga akan ja wani layi mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani, kuma akan haɗa shi da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ruwan ɗorawa yana biye da shi a haɗari, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. A cikin layin akwai ƙananan hotuna masu nuna a sa safar hannu, a rufe hanci, a wanke jiki bayan feshi, a kulle maganin inda yara ba za su kai ba. Yanzu ku kwatanta wannan da fiya-fiyar da ake ɗurawa a tsohuwar robar lemo ana sayarwa a bakin hanya, babu suna, babu alama. Yaro ƙarami mai jin ƙishirwa robar lemo ya sani, bai san abin da aka zuba a ciki ba. Bambancin da yake tsakanin waɗannan kwalabe biyu shi ne aikin mai zanen saƙo.

Amfani na huɗu shi ne jawo mai saye. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to kwali shi ne fuskar kaya. Masana'antun Kano da dama sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage kuwa kullum suna kokawa da kayan Sin da na Indiya a kan kanta guda. Idan namu ya fi inganci amma an ƙunshe shi cikin leda mai dusashen launi da karkataccen rubutu, hannun mai saye na waje zai nufa, kuma kowane kwalin da aka bari a kanta ragi ne a abincin wani lebura a Challawa ko Sharaɗa. Sai dai a nan akwai amana. Zanen da ya nuna alewa cike da madara alhali babu ko ɗigo a ciki, kyan ɗan maciji ne. Wanda kuma ya kwaikwayi tambarin wani don a sayar da jabu, shi da mai algus a mudu duk tafiyarsu ɗaya.

Yadda ake yinsa

Malaminmu na zane ya koya mana cewa kafin a taɓa fensir sai an amsa tambayoyi uku: wa ake yi wa magana, a ina zai ga zanen, kuma mene ne abu ɗaya da ake so ya fara gani? Allon da direba zai gani yana gudu a titin Panshekara kalmomi kaɗan yake bukata da manyan haruffa. Takardar cikin kwalin magani kuwa a zaune ake karanta ta, tana iya ɗaukar bayani mai yawa.

Bayan haka sai a zana ƙananan samfura da yawa a takarda, a zaɓi wanda ya fi, sa'an nan a hau kwamfuta. Masu wannan aiki a Kano sun fi amfani da manhajar CorelDRAW, wasu kuma yanzu da waya suke yi. Wajen zaɓen launi ana neman wanda zai fito a kan ɗan'uwansa, kamar baƙi a kan ruwan ɗorawa ko fari a kan shuɗi. Wajen haruffa kuwa, mu masu rubuta Hausa muna da wani nauyi na musamman, watau haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Tun cikin shekarun 1930 aka fara buga littattafai da su a Zariya. Amma har yau za ka ga allon talla an rubuta kafa inda ake nufin ƙafa, ko baki inda ake nufin baƙi. Mai sayar da garin ƙashi don abincin kaji, in mai zane ya mance masa da lanƙwasa ɗaya, kun san abin da ya tallata.

Daga kwamfuta sai maɗaba'a. Abin mamaki a nan shi ne, duk launukan da muke gani a hoton jikin kwali, yawanci daga tawada huɗu suke fitowa: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da ruwan ɗorawa, da baƙi. Injin yana ɗiga su ƙanana ƙanana kusa da juna, ido ne yake gauraya su. Wanda yake so ya tabbatar, ya ari gilashin ƙara girman abu a ɗakin kimiyya ya duba kwalin biskit, zai ga ɗige-ɗigen da idonsa. Haka nan ɗan baƙin murabba'in da yake gefen leda ko gindin man goge baki, wanda wasu suke yaɗa cewa yana nuna sinadarin da ke ciki, alama ce kawai da injin yake gani ya san inda zai yanke ko ya liƙe.

Ina ake samo basira?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu koyo. Ɗalibi yakan zauna da farar takarda a gabansa har a kaɗa ƙararrawa bai ja layi ɗaya ba, daga nan ya ce shi Allah bai ba shi baiwa ba. Wani kuma ya shiga intanet ya kwafo na wani ya canza suna. Na farko ya yi saurin fid da rai, na biyu kuwa ya manta cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ni a nawa ɗan binciken, wurare uku na ga ana samo basira.

Wuri na farko shi ne gida, watau abin da kakanninmu suka bari. Ku buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na malamanmu na tsangaya. Baƙaƙe da baƙar tawada aka rubuta su, wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa, ga kuma ɗigon kore a kan alifin da ake sadarwa. Bayan aya biyar akwai kumsa, bayan goma akwai kuri, a kan kowane izu kuma akwai zayyana a gefe. Kowane launi da aikinsa, kowace alama tana gaya wa mai karatu inda yake. Wannan shi ne ainihin zanen saƙo, malamanmu kuwa suna yinsa da alƙalamin kara tun ba a san injin bugu a ƙasar nan ba. Ku dubi allon zayyana da ake yi wa mai sauka. Ku dubi aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, da zagayayyen nan da maɗinka suke kira tambari, wanda tun daga nesa yake faɗin darajar mai rigar. Ku je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ku ga zanen magina a jikin bango, da dagin Arewa wanda layinsa yake shiga yana fita ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. Ku leƙa marinar Ƙofar Mata, ku shiga layin dukawa a kasuwar Kurmi. Wanda ya zaga waɗannan wurare da littafi da fensir ba zai dawo hannu sake ba.

Akwai waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. A 1958 wasu ɗalibai masu koyon zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Ra'ayinsu shi ne su karɓi dabarun da malamansu Turawa suke koya musu, amma su haɗa da fasahar garuruwansu. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan ƙabilar Ibo suke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Da wannan ya yi suna a duniya. Idan uli ya kai shi can, ban ga abin da zai hana zayyana da dagi su kai ɗan Kano ba.

Wuri na biyu shi ne aikin da yake gabanka da mutanen da kake yi dominsu. Rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe na jikin kwalbar Coca-Cola da ake cikawa a Challawa, wani akawu ne mai suna Frank Robinson ya fito da shi a birnin Atlanta na Amurka. Shi ya raɗa sunan a 1886, ya kuma rubuta shi da irin rubutun hannun da akawuna suke yi a littattafan lissafi a zamanin. Abin da yake yi kullum a teburinsa shi ya ɗauka, ga shi yau fiye da shekara 130 ana gane shi a ko'ina. Saboda haka wanda aka ba aikin zana ledar garin kunu, ya je kasuwa ya tsaya ya ga yadda mata suke zaɓen kaya, me suke ɗagawa, me suke tambaya, da wane suna suke kiran abin. Amsar da yake nema tana bakinsu.

Wuri na uku shi ne yawan gwaji da ragewa. Tutar Nijeriya wani ɗalibi ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, lokacin yana karatu a Landan. Ya shiga gasar da aka yi kafin samun mulkin kai, zanensa ya yi nasara a 1959, aka ba shi ladan fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore da fari da kore, watau noma da zaman lafiya. Ita aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960, kuma saboda sauƙinta ɗan aji ɗaya na firamare yana iya zana ta. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, zane yakan gyaru da abin da aka cire masa. Kuma tun da gwano ba ya jin warin jikinsa, in ka gama sai ka kafa zanenka a bango, ka ja da baya taku goma, ka kira wanda bai san abin da kake nufi ba ka tambaye shi me ya gani. In ya faɗi saƙonka, aiki ya yi. In ya tsaya yana kame-kame, sai a koma kan takarda.

Kira

Ina roƙon iyayenmu da su daina ɗaukar darasin zane a matsayin wasan yara. Na san wasu suna ƙyamarsa saboda maganar zana abu mai rai, wannan kuwa malamai su ne masu bayani a kai. Abin da zan ce kawai shi ne, mafi yawan wannan aiki haruffa ne da launi da tsari, kuma marubutan Alƙur'ani da magina da maɗinka sun nuna mana iyakar kyan da za a iya kaiwa ba tare da an zana mutum ko dabba ba. Sana'a ce da ake karantawa har jami'a, domin a Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen da ake koyar da ita, kuma duk mai yin kaya, daga babbar masana'anta har mai soya gyaɗa tana ƙullawa a leda, yana bukatar mai yi masa ita.

Ina kuma kira ga masu masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai da su riƙa ba 'yan gida wannan aiki, su kuma buɗe wa ɗalibai ƙofa su zo su ga yadda ake yi. Wanda ya tashi cikin mutane shi ya san launin da suke so da kalmar da take shiga kunnensu, da ɗan gari kuwa akan ci gari.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ga ɗan aiki na hutu. Kowa ya sami kwali ko leda guda uku na kayan da aka yi a Kano. Ya duba me idonsa ya fara gani, ya nemi ranar lalacewa ya ga ko ta karantu, ya nuna wa wanda ba ya karatu ya ji ko zai gane abin da ke ciki. Sa'an nan ya zaɓi wanda ya fi rauni a cikinsu ya sake zana shi, ya sa masa wani abu daga allo ko riga ko bangon garinsu. In mun dawo sai mu kafa su a allon sanarwa mu gwada.